Murjanin da Ke Zubar da Nama

Dogo ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka na cikin jirgi duk da ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ina fatan kana lafiya, teku ba ta juya maka ciki. Mu nan alhamdulillahi, in ban da gwiwata da ba ta shiri da matakalar gidanka. Wakilin kamfaninku ya ce tunda waya ba ta kaiwa inda kuke, in riƙa kai masa takarda, shi kuma zai ba jirgin da ke zuwa kwasar kifin da kuka kama. To ga ta nan, Allah ya sa ta same ka.

Lokacin da aka ce in zo in zauna da matarka Malama ban yi gardama ba, ko da yake rabona da kai tun kana ɗan makaranta mai dogon wuya. Kakanka da mahaifina ciki ɗaya suka fito, wannan kaɗai ya ishe ni. Amma ba wanda ya gaya mini har da renon teku a falo. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina karɓar haihuwa a asibiti, abin da na sani game da murjani shi ne a rataya a wuya. Sai a gidanka na ji wai yana da rai, yana ci, har fushi yana yi.

Shi ne ma dalilin takardar. Koren nan mai rassa da ke tsakiyar tankin gilashin ya fara yin fari daga gindi. Da farko na ɗauka hasken fitila ne. Da na sa tabarau sai na ga namansa ne ke saɓulewa, kamar fatar wanda ruwan zafi ya ƙona, ƙashin yana fitowa fari fat. Kullum in na duba da safe farin ya ƙara hawa. Ni dai ban bar komai cikin abin da ka nuna mini ba. Ina kunna fitila ina kashewa a kan lokaci, ina ba kifaye abinci, in ruwa ya ragu ina cikawa har layin da ka ja. An ɗauke wuta, amma batirin ya riƙe injin juya ruwa.

Kifayen suna nan, rawayar nan tana ta korar 'yan'uwanta. Ita kuwa mutuniyar taka ta rage cin abinci ƙwarai, tana rakuɓe wuri ɗaya, ko na matso kusa ba ta motsi. Wannan ya fi komai damuna.

Hoton 'yarku Tsuntsuwa yana kan teburi, kullum ina goge shi. Allah ya ji ƙanta, ya ba ku haƙuri. Ka rubuto da wuri.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki da girmamawa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. Ina can ƙasa ɗakin inji, inda sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka. Mutane suna ɗauka mai aikin jirgi kullum yana kallon teku, ni kuwa baƙin mai nake kallo. Takardarki ta daɗe a hanya, har ambulan ɗin ya ɗauki ƙarnin kifi.

Maganar murjanin ta tayar mini da hankali. Koren nan shi ne na farko da na dasa, bai kai yatsa ba lokacin. In nama ya fara zubewa daga gindi, yawanci ruwan ne ya canja masa, ko kuma wani abu ke cinsa. Don Allah ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ki fara da ma'aunin zafi da ke manne a gilashi, ki ga ko ya wuce koren layi da rana tsaka. In ya wuce, ki buɗe murfin ki juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Sai ki ɗauki ma'aunin gishiri, wannan roba mai allura a ciki, ki cika shi da ruwan tankin ki gaya mini inda allurar ta tsaya. Ki haska gindin murjanin da tocila ki duba ko akwai wasu ƙananan tsutsotsi masu faɗi, launinsu ɗaya da naman, ko ƙwai a manne. Ki leƙa bayan duwatsu kada wani ƙarfe ya faɗa ciki yana tsatsa, ko fil ɗin ɗankwali ne ya isa ya ɓata ruwan. In kin shafa man gwiwarki, kada ki sa hannu a ciki sai kin wanke sosai. Sannan ki gaya mini, in ruwa ya ragu, daga wane duro kike cikawa, shuɗin ko farin?

Ita kuma mutuniyar tawa, 'yar shuɗiyar kifin nan da ke zuwa hannuna, dama haka take in rawayar ta matsa mata. Ki daka tafarnuwa kaɗan ki jiƙa abincinta da ruwan, za ta ci. In ta ƙi, ki raba su da raga.

Na san na ɗora miki nauyi, Allah ya saka da alheri. A gaida Malama.

Ɗanki, Dogo

*

Dogo,

Ina gaishe ka. Gwiwa da sauƙi. Zan fara ba ka amsar abin da ka tambaya, don in na fara da ɗayar maganar ba zan dawo kan wannan ba.

Zafi bai wuce layi ba. Tsutsa babu, na haska har idona ya yi ruwa. Ƙarfe babu. Allurar gishiri kuwa ta haye can sama, ta wuce inda ka yi alama da jan biro. Daga shuɗin duro nake cikawa, mai gishirin, don a hankalina abin teku ruwan teku yake so. Farin ya cinye rabin koren, ya kuma kama wannan mai ruwan hoda da ke kusa da shi.

Yanzu ka saurare ni. Na karanta takardarka na sake karantawa, sai da na zauna a bakin gado. Tafarnuwa, Dogo? In raba su da raga? Mutuniyar da na ce ta daina cin abinci matarka ce. Kunyar ɗa ce ta sa na sakaya, ashe kai zuciyarka tana wurin kifi. Shafi biyu ka cika da tsutsa da gishiri, ita kuma ka sallame ta da “a gaida Malama”, kamar wata maƙwabciya.

To bari in faɗa maka ba sakaye. Da safe nake kama hannunta in kai ta wanka. Daga nan sai kujerar nan da ke fuskantar tankin, a nan take wuni. Cokali uku in ta ci, na yi sa'a. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Malaman makarantarsu sun zo gaishe ta da takardun da yaran ajinta suka zana mata, ko kallonsu ba ta yi ba. Na ce mata, “'Yata, Dogo ya rubuto, yana gaishe ki.” Ta ce, “Ya tambayi murjaninsa?” Tun zuwana ban ji ta haɗa kalma uku ba sai ranar.

Yayanta ya zo ranar hutunsa. Ya daɗe a tsaye yana kallonta, sannan ya ja ni kicin ya ce, “Gwaggo, ba raini ba, amma ƙanwata ba gadin kifi aka kawo ta yi ba. In mijinta bai dawo ba, zan zo in ɗauke ta.” Na ba shi haƙuri, na ce ya ƙara mana lokaci. Ban san iya lokacin da zai ba mu ba.

Na karɓi haihuwar mata da yawa waɗanda suka koma gida hannu wofi. Waɗanda suka farfaɗo a cikinsu, akwai wanda ya zauna kusa da su. Ni tsohuwa ce baƙuwa, ba ni take jira ba.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Na gaishe ki. Ina lafiya, sai dai iska ta taso mana, jirgi yana ta tangaɗi, ki yi haƙuri da rubutun. Da igiya ake miƙa buhun takardu daga jirginmu zuwa wancan, kuma suna shirin tashi, don haka a gurguje nake.

Kin yi gaskiya, na ji kunya har na kasa haɗa ido da kaina a madubi. Amma Gwaggo, ki fahimce ni. Ba don kifi na damu da tankin ba. Bayan abin da ya same mu, Malama ba ta kallon kowa, ba ta kallon komai. Da na kafa tankin nan sai ta jawo kujera ta zauna gabansa. Shi kaɗai ne abin da na ga ya riƙe idonta. Tsorona shi ne in ya mutu, me za ta kalla? Aikin nan kuwa na karɓe shi ne don na ga zamana a gidan ba ya ƙara mata komai. In na yi magana ba ta amsawa, in na yi shiru sai gidan ya yi mana girma. Ki roƙar mini yayanta ya jira ni.

Ciwon murjanin kuma mun gano shi. Ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. Duk lokacin da kika cika da shuɗin duro, gishiri kike ƙarawa a kan gishiri. Laifina ne da ban bambanta miki ba. Daga yau farin duro za ki riƙa amfani da shi, tataccen ruwan daɗi. Kada ki kwashe rabin tankin ki cika da ruwan daɗi lokaci ɗaya. Kofi-kofi za ki riƙa yi, safe da yamma, har allurar ta sauko a hankali. Saukar gaggawa ta fi hawan kisa.

Ki ce wa Malama ina tunaninta.

Dogo

*

Dogo,

Assalamu alaikum. Muna raye, mu biyun. Abin da zan iya ce maka ke nan a gaisuwa.

Takardarka ta iso a jiƙe. Ƙasan shafin tawada ta narke, wasu layuka sun tafi gaba ɗaya. Abin da na iya karantawa shi ne, “ki kwashe rabin tankin ki cika da ruwan daɗi lokaci ɗaya.” Akwai wani baƙin tabo kafin “ki”, na ɗauka ɗigon tawada ne. Na yi yadda na karanta. Da safe na yi ta jido da bokiti, gwiwa tana kuka ina cewa ta yi shiru, yau za mu ceci murjanin Dogo.

Kafin azahar ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa a ciki. Naman murjanin ya riƙa tashi zare-zare yana yawo, ba koren kaɗai ba, dukkansu. Masu taushin nan da ke kaɗawa suka yamutse suka zama majina. Falon ya ɗauki wani wari da ban taɓa jin irinsa ba, ni da na yi aikin asibiti. 'Yar shuɗiyarka ta kwanta a gefe tana haki. Na tsaya da bokiti a hannu ina salati, na rasa ta inda zan fara.

Sai na ji an ce, “Gwaggo, matsa.”

Malama ce a tsaye a bayana. Ta naɗe hannun riga. Ta ce, “Kawo mini ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin gado, da almakashin ƙarfe, da kwalbar aidin.” Na ce, “'Yata, kin san yadda ake yi?” Ta ce, “Wata nawa na yi ina kallonsa yana yi?”

Ta haɗa ruwa daga duro biyu tana aunawa har allurar ta tsaya inda take so. Ta kwashe kifayen da suka rage. Sannan ta riƙa ciro murjanin ɗaya-ɗaya, tana yanke kan rassan da ke da sauran launi, can sama da inda farin ya kai, ta tsoma a ruwan aidin, ta ɗauraye, ta manna a kan tsakuwa da gam. Ni ce mai miƙo kaya, kamar yadda yara ke miƙo mini a ɗakin haihuwa. Abin da muka tsirar bai wuce cikin tafin hannu ba. Sauran duk farin ƙashi ne. Shuɗiyar ta mutu, rawayar ma.

Da muka gama ta wanke hannu, ta ce tana jin yunwa. Na zuba mata ta cinye. Na yi murna, na ce, “Ashe dai kina son abin nan. Dogo ya ce shi ne ke riƙe ki.”

Ta ajiye cokali. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba.

“Gwaggo, kin san abin da ke wurin nan kafin tankin? Tabarmar Tsuntsuwa ce, da kwandon kayan wasanta. A bangon nan akwai zanen da ta yi da jan fensir, na yi mata faɗa a kai. Ba a gama zuwa yi mana gaisuwa ba na shiga wanka na fito, na tarar Dogo ya kwashe komai, masu kawo gilashi suna aune-aune. Bai tambaye ni ba. Ni ba murjani nake kallo ba. In fitilar tana kunne, ta cikin ruwan ana hango zanen a bango.”

Na tashi na leƙa. Yana nan, Dogo. Wani abu ne kamar kyanwa, kamar mota.

Na ce, “To me ya sa kika cece su?” Ta ce, “Ba zan iya zama in sake kallon wani abu yana mutuwa a lungun nan ba.”

Ban san abin da ka rubuta a wurin da ruwa ya cinye ba, amma jikina ya ba ni ba abin da na yi ba ne. Ka yafe mini.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Na gaishe ki. Ban san ko lafiya zan ce ina ba. Jirgin kwasar kifi ya yi jinkiri ƙwarai wannan karon, an ce injinsa ne ya lalace, don haka ban san tsawon lokacin da takardarki ta yi tana jirana ba.

Babu abin yafewa tsakanina da ke. “Kada” na rubuta, teku ta cinye. Murjanin ya tafi, ya tafi. Ban ji zafinsa yadda na zata zan ji ba.

Maganar Malama ce ta tsaya mini a rai. Wallahi ban san da zanen ba. Ni lungun ne ba na iya kallo. Duk shigowata gida idona can yake fara sauka, sai in kau da kai. Na ɗauka in na rufe wurin da wani abu mai rai, mu duka za mu samu sauƙi. Kayan ban zubar ba, suna cikin akwati a saman kabad ɗin ɗakin baƙi. Ki sauko mata da su.

Na je wurin kyaftin na ce a sallame ni. Ya ce babu mai riƙe injin in na tafi, kuma ba za su bar ni in bi jirgin kaya ba sai an aiko wani a madadina, ko mu shiga tasha. Na ɗaga murya, ya ce in koma bakin aikina. Ban san yaushe ba ne, amma na farkon sauka ni ne.

Ki kwashe ruwan tankin, ki nemi masu ɗauka su fitar da shi, ko kyauta ne. Ga wata takarda a ciki na rufe daban, ta Malama ce. Ki ba ta a hannunta. Ki riƙe mini ita, Gwaggo, don Allah, ko da 'yan makonni ne.

Dogo

*

Dogo ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah ya sauko da kai lafiya. Ni da sauƙi.

Takardarka ta makara. Mun jira har muka gaji, yayanta ya zo da mota, ita kuma da kanta ta haɗa jakarta. Ban hana ta ba, kuma ko da takardarka ta riga shi isowa ban ga da wane baki zan hana ta ba. Kafin ta tafi ta sa aka janye tankin daga bango. Ta zauna a ƙasa gaban zanen ta yi kukan da ban taɓa ji ta yi ba tun zuwana. Na bar ta ta yi ya ishe ta.

'Yan rassan da muka yanka, yawancinsu farin ya bi su har can. Biyu suka rage da launi, na kai wa mai shagon kifin da kake sayen gishiri wurinsa. Ya ce ba zai yi alkawari ba. Tankin ma shi ya turo aka ɗauka. Falonka yanzu fili ne, sai sawun ƙafafun teburin tankin a ƙasa.

Na sauko da akwatin, na haɗa da takardar da ka rufe mata na kai gidan yayanta. Ta ɗan yi kumari, har ta fara zancen komawa aji. Akwatin ta rungume ta kai ɗaki, ba ta buɗe a gabana ba. Takardar kuwa a gabana ta karanta, har ƙarshe, sannan ta ninke.

Na ce, “Me zan ce masa?”

Ta ce, “Ya ba ni haƙuri, na ji. Amma Gwaggo, shafi uku, ‘abin da ya same mu’, ‘rashin da muka yi’. Ko sau ɗaya bai rubuta sunan 'yarmu ba. Tun ranar da aka ɗauke ta bai kira sunanta ba. Ni kaɗai na haife ta?”

Na ce, “Maza haka suke, ciwon yana ciki.” Ta ce, “To ya fito da shi in gani. Gidan can dai ba zan koma ba.” Na tambaye ta ko takardar saki take nufi. Ta ce ba ta ce ba, ba ta kuma ce a'a ba.

Iyakar abin da na samo maka ke nan. Ni ma zan koma gida ƙarshen makon nan, jikokina suna nemana, kuma babu wanda zan zauna dominsa a nan. Na kashe firij, na rufe tagogi, makullin yana wurin mai shagon da ke ƙasan bene.

In ka sauka kada ka tsaya sayen tsaraba, kada ka biya ta gidanka. Ka wuce gidan yayanta da jakarka a kafaɗa. Ban ce za ta fito ba. In ta fito, ka san kalmar da za ka fara da ita.

Gwaggonka